Takarda a Aljihun Kudu

Gara in faɗi laifina tun da fari: sau uku ana zaunar da ni a koya mini kartar nan da Turawa ke kira birij, sau uku ina tashi da ciwon kai. Abin da na riƙe kaɗan ne. Mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa, kuma haramun ne ka yi masa ko da tari. A gasa kuwa ba a sake raba karta. Idan an gama, kowa ya mayar da tasa aljihunta cikin wata zabirar fata mai aljihu huɗu, gabas, yamma, kudu da arewa, a miƙa wa tebur na gaba su gwada da ita. Ba sa'a, sai kai. Shi ya sa ta fi ƙarfina.

Ba a daɗe da jirgin ƙasa ya iso Gusau ba, Turawan barikin Sakkwato suka rasa mutum na takwas da zai cika musu tebur biyu na karta. Sai Likita, wanda 'yan gari ke kira Mai Lofe, ya koya wa Hayatu, saurayin da ke haɗa masa magani. Shekara uku suna zama tare, Likita a arewa, Hayatu a kudu.

Zabirun kuwa Tambari baduku na Ƙofar Rini ke ɗinka su. Ranar da aka fara aiken Hayatu karɓowa, maigidan ba ya nan. Wata budurwa ce ta leƙo zaure da kayan a hannu, yatsunta jajur da rinin karan dafi.

"Wanzamin naku asake nawa garai, da yaka son aljihu huɗu?" in ji ta.

Hayatu ya shiga bayani. Ya yi gabas, ya yi yamma, har ya manta inda ya dosa.

"Kai ina kaka zama?"

"Kudu."

"Ashe kai na ɗan kartan Nasara. Allah shi shirya." Ta shige tana dariya.

Sunanta Lailatu. A wajen kakarta ta koyi rubutun ajami. Duk wata Likita na mayar da zabirun a shafa musu mai a duba ɗinki, duk wata kuma Hayatu na tsayawa a ƙarƙashin wata tsamiya ya laluba aljihun kudu na zabira ta bakwai. Nan take ɓoye masa 'yar takarda. Ta farko cewa ta yi:

"Ɗan karta, hularka ta karkace ran nan. Ban gaya ma ba don ta yi maka kyau."

Ya mayar: "Mai jan yatsa, tun ran nan ban gyara ta ba."

Da abin ya yi nisa, ya tura kawunsa Mode neman iri. Tambari bai ko ajiye basillarsa ba.

"Ban ba ɗan caca ɗiyata."

"Ai ba kuɗi ciki, Malam Tambari. Kuma kai ka ɗinka musu zabirun."

"Maƙeri na ƙera wuƙa, ba shi ba mahaukaci ɗiyatai. Karta karta ta."

Kunya ta hana Hayatu rubutu. Lailatu ta ɗauka ya janye, ita ma ta yi shiru. Wata biyu aljihun kudu ba komai sai ƙamshin mai. Ana cikin haka Maigandi tafinta, mai takalmin Turawa da ke kuka tun daga bakin layi, ya fara sintirin gaisuwa a zauren Tambari.

Ranar gasar shekara, da Turawan Gusau da na Birnin Kebbi suka zo, Maigandi ne ya ce a bar masa wahalar karɓo zabirun. Hayatu bai taɓa su ba sai a kan tebur.

Asabar ce, bayan azahar, zafin bazara ya cika barandar kulob. Zabira ta bakwai ta iso. Hayatu ya zaro kartarsa, sai ga 'yar takarda a naɗe ta biyo ta. Da yana da wayo da ya bari ta faɗi ƙasa. Amma wata biyu yana jiranta. Ya buɗe ta a bayan kartar, ido ɗaya ya wadatar:

"Ɗan karta, in ka hwasa, gaya min da bakinka. Mai takalmi ya dame ni. Ni dai ban hwasa ba. Lailatu."

Ya cusa ta cikin hannun riga.

"Tsaya!" Wani Baturen ciniki na Gusau da ke gabas ya buga tebur. Ya yi ta zuba Turanci, wuyansa ya yi ja. Duka teburan suka ajiye karta.

Maigandi ya matso, takalminsa na kuka. "Ya ce an rubuto maka abin da ad cikin hannun mutane. Ya ce a karanta ta gaban kowa, ko kuwa ka tashi da sunan mai maguɗi, kuma aikin asibiti ya ƙare." Ya miƙo hannu yana murmushi. "Kawo in karanta musu. Ai aikina na."

Nan Hayatu ya gane Maigandi ya riga ya ga takardar, ya bar ta da gangan. Idan an karanta, kafin la'asar kuku da boyi sun kai sunan Lailatu kasuwa: ɗiyar Tambari mai aika wa samari wasiƙa har teburin Nasara. Idan ba a karanta ba, shi ne ɓarawon karta har ya mutu. Ya damƙe takardar a tafinsa.

Likita ya cire lofe daga baki. Hausarsa gurguwa ce, amma tana isa inda aka aike ta.

"Hayatu. Shekara uku, kai, ni. Ba ƙarya. Ba ni takarda, ni kaɗai."

Amma Likita bai iya ajami ba, ƙarshenta dai hannun Maigandi za ta koma.

"Ranka shi daɗe, ba tawa ba ta, balle in ba ka."

"To mene ciki?"

"Ba karta ciki. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Hayatu ya miƙe, ya kife kartarsa a kan tebur. An ce ya yi ƙoƙarin saka takalminsa a hagunce.

Maigandi ya ga nama na shirin tsere masa rabi. "A kira wanda yaɗ ɗinka zabirun mana," ya ce, da Hausa da Turanci. "Yana waje yana jiran ko ɗinki zai ɓalle. Shi ya san abin da ka shiga aljihunsu."

Aka shigo da Tambari. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya ji bayani, sannan ya juyo.

"Yaro, buɗe hannunka."

"Baba, ka yi min rai."

"Sun ce za su kore ka."

"Su kore ni."

Tsohon ya dube shi, ya dubi dunƙulallen hannun. Gefen takardar ya ɗan leƙo tsakanin yatsu, da tabon ja a jikinsa, daidai girman ɗan yatsa. Duk Sakkwato ba wanda ya fi shi sanin wannan jan.

"Ni nac ce ka ba ni."

Hayatu ya ba shi. Tambari ya buɗe, ya ƙura mata ido har Baturen Gusau ya fara buga ƙafa. Hayatu ne kaɗai ke kusa da zai lura cewa a kife ya riƙe ta. Tsohon bai taɓa sanin baƙi ko ɗaya ba.

Ya naɗe ta, ya sa a aljihunsa.

"Tahinta, gaya musu. Wagga takarda daga gidana tah hito. Saƙo na zuwa ga surukina. Maganar gida kuwa ba a karanta ta bainar jama'a, ko garinsu."

Maigandi ya tsaya duban takalminsa maimakon ya fassara.

"Suruki!" in ji Likita. Wannan kalmar ya san ta. Ya fassara da kansa, ya ƙara da cewa duk mai shakkar abokin zamansa to shi yake shakka. Baturen Gusau ya yi gunaguni ya ɗauki kartarsa. Da Tambari zai fita, ya rage murya:

"Wanda yar riƙe bakinai haka, ya iya riƙon mace. Amma karta dai karta ta. Ka ce ma Mode shi dawo."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Ƙofar Rini. Malamai suka yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, jama'a suka shafa. Likita ya zo da hular kwano, ya ci goro, ya yi ta tari. Maigandi ya aiko cewa takalmi ya ji masa ciwo.

Da aka kai amarya, abin da Lailatu ta fara tambaya shi ne:

"Ɗan karta, har yau ba ka ba ni amsa ba."

"Takardar na wurin Baba, mai jan yatsa."

"Da bakinka nac ce."

"Ban hwasa ba."

"To gyara hularka."

Allah ya yi musu albarka, 'ya'ya tara, aka yi shekara arba'in da ɗoriya ana tare. Har gobe zuriyarsu na ba da labarin kakansu, gwanin kartar da Turawa suka zarga da maguɗi don sun kasa gane yadda yake yi.

Da aka haɗa sakamakon gasar ranar, Hayatu da Likita ne suka zo na ƙarshe, kamar bara.