Shekarar da Dogo Ya Hau Keken Yaya

"Wa ya sauke keken nan daga bango?"

Auta ta tsaya cak a ƙofar ɗakin ajiya, jakar aikinta na rataye a kafaɗa. Mama na tsaye gaban ƙusoshi biyu masu tsatsa, ta ɗora tafin hannunta a kan shatin da keken ya bari a jikin fenti.

"Da ke nake magana."

"Ni ce, Mama..."

"Ina yake?"

"Na ba da aronsa."

Mama ta juyo a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi wa Auta sauƙi.

"Aro. Keken yayanki, wanda ko ƙurarsa ba na bari wani ya share sai ni. Wa kika ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Har yau, bayan shekaru masu yawa, in ta tuna wannan yammacin sai ta ji ƙamshin man keke da ke ɗakin, ta kuma ji yadda harshenta ya yi nauyi kafin ta ce, "Dogo."

Yaya shi ne babban ɗan Mama, shi ne kuma gwanin ƙungiyar masu tseren keke ta garin. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai ta ranar hutu. Wata safiya ya fita atisaye a tsohon kekensa, babbar mota ta buge shi a hanyar bayan gari. Keken tserensa, shuɗi mara nauyi, yana gida ranar. Tun daga lokacin yake rataye a bango.

Abin da Yaya ya bar wa Auta shi ne agogon tsere. Shi ya koya mata riƙe shi tun tana 'yar makaranta, kuma bayan rasuwarsa 'yan ƙungiya suka roƙe ta ta ci gaba. Irin tserensu ba na cunkoso ba ne. Mutum ɗaya ake saki, a jira minti guda, a saki na bayansa. Kowa shi kaɗai a hanya, ba wanda zai ɓuya a bayan wani don gudun iska. Wanda agogo ya ce ya fi sauri shi ya ci. Mama ta yarda Auta tana zuwa ne kawai saboda Guguwa, abokin Yaya, mai sayar da motoci, wanda yake ɗaukar kofi duk shekara tun da Yaya ya bar duniya. Shi yake kai ta, shi yake dawo da ita, kuma kowa a gidan ya san inda ya dosa.

A tseren farko na wannan shekarar Dogo ya bayyana. Malamin lissafi ne a sakandare, siriri kamar sandar rake, a kan wani baƙin keke mai nauyin jaki, kacarsa na kuka tun daga nesa. Shi ya zo na ƙarshe. Ya jingina keken, yana haki, ya leƙo takardarta.

"Malama mai agogo, anya agogon nan naki ba ya gudu?"

"Agogon ƙalau yake. Kai ne kake tafiya kamar mai rakiyar amarya."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To me na yi ba daidai ba?"

"Ka ƙone ƙarfinka tun a farkon hanya. Da ka iso hawa ba abin da ya rage maka sai addu'a."

Maganar Yaya ce, ta fito daga bakinta ba ta shirya ba. Dogo ya daina dariya, ya dube ta da kyau.

"Za ki koya mini?"

Haka aka fara. Da sassafe, kafin ta buɗe kantin maganin da take aiki, kafin shi ya shiga aji, sai ta tsaya a gindin tankin ruwa da ke saman hawan da agogo a hannu. Shi kuma ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Ta hana shi miƙewa tsaye a kan feda. Ta sa ya rage tsawon sirdi, ya matse gwiwar hannu, ya riƙa shan ruwa kafin ƙishi ya zo. Damina ta sauka, ba su fasa ba. Wata rana ruwa ya tsare su a rumfar mai faci, ya cire rigar ruwansa ya yafa mata, shi yana rawar sanyi yana cewa wai zafi yake ji.

"Haƙoranka ma sun ƙaryata ka," ta ce.

"Bar su, ba su san lissafi ba."

A tsere na biyu ya wuce mutum biyar. A na uku ya shiga cikin goman farko. Ranar ya zo ya tsaya gabanta, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Mai agogona... in na ce miki ba don kofi nake hawan nan ba, za ki rage mini maki?"

Ta ƙura wa takardarta ido, kunnuwanta sun yi zafi.

"Je ka sha ruwa, Dogo."

Amma a makon ne, Mama ta tafi dubiya, Auta ta sauke shuɗin keken. Ta gaji da ganinsa a rataye kamar hoto. Da Dogo ya hau shi a tsere na huɗu, ya zo na biyu, ƙiris ya rage ya taɓa Guguwa. Washegari Guguwa ya zo gaida Mama da ledar 'ya'yan itace, kuma da ya tafi ne ta nufi ɗakin ajiya.

Guguwa bai tsaya nan ba. Ya tare Auta a kantin magani, ya jingina da teburin kantin, muryarsa cike da tausayi.

"Ƙanwata, ni ba na son ganin ana wasa da hankalinki. Yaron nan keken yake so, ba ke ba."

"Wa ya faɗa maka?"

"Da kunnena na ji yana cewa ya samu keken banza da mai horo ta banza. Ni dai amanar yayanki nake riƙewa."

Maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Da safe ta je gindin tanki ba tare da agogo ba. Dogo ya iso yana murmushi, ya ga fuskarta, murmushin ya gudu.

"Lafiya, masoyiya?"

"Da ban ba ka keken ba, da har yanzu kana zuwa nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa nake so."

Ya daɗe yana kallonta. Bai rantse ba, bai tambayi wanda ya kai mata zancen ba.

"Ashe duk hawan nan da na yi a gabanki, ba ki gan ni ba," ya ce a hankali. Ya juya keken ya gangara.

Da yamma ya yi sallama a gidansu. Ya wanke keken tas, ya shafa wa kacar mai, ya turo shi da hannu, bai hau ba. Ya durƙusa a gaban Mama.

"Mama, na karɓi abin da ban nemi izininki ba. Ki yafe mini. Ga shi na dawo da shi."

Mama ta shafa sirdin, ba ta dube shi ba.

"Ka kyauta. Sai kuma me?"

"Sai maganar Auta. Ina son ta, kuma da aure."

Auta na bayan labule, ta toshe bakinta da mayafi.

"Yaro," Mama ta ce, "na riga na ba wa titi ɗa ɗaya. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda kullum za ta riƙa jiran a bugo mata waya ba. Ka bar keke, sai mu yi magana."

Auta ta runtse ido. Ka ce to, Dogo. Ka ce to kawai...

"Zan iya ce miki na bari, Mama, ki ji daɗi yau, bayan wata biyu ki gan ni a hanya. Ba na so in fara shiga gidanki da ƙarya."

"To ka gaida gida."

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Auta tsawo. Ba ya kira, ita ma girman kai ya hana ta. Sai dai in motar haya ta bi da ita ta gindin tanki da safe, takan hango shi a kan baƙin kekensa, shi kaɗai, a zaune daram a sirdi, gwiwar hannu a matse, yadda ta koya masa. Sai ta kau da kai ta ce wa kanta ƙura ce ta shiga idonta.

Tseren ƙarshe ya zo, wanda ake ba da kofi. Guguwa ya matsa wa Mama sai ta je ta ga ya ɗaga kofin, ya ce a ranar yake so ya yi mata wata muhimmiyar magana. Mama, wadda rabonta da hanyar nan tun Yaya na raye, ta yarda. Aka sa mata kujera kusa da teburin Auta, a saman hawan, inda aka ja farin layi.

Guguwa ya iso kamar kibiya, aka yi ta tafi. Auta ta danna agogo, ta rubuta. Dogo ne na ƙarshe da aka saki.

Can ƙasa ya ɓullo, kacar na kukanta. Auta ta dubi agogo. Bai makara ba. A kan wannan jakin keken, bai makara ba. Ya kama hawan, kafaɗunsa suka fara rawa, ya yunƙura zai miƙe a kan feda.

"Zauna!"

Auta ta waiga. Mama ce a tsaye, jakarta ta faɗi ƙasa, hannunta a dunƙule.

"Zauna, ɗan nan, ka tura da cinya... haka... haka..."

Ko ya ji ko bai ji ba, ya zauna. Ya yi ta matsowa, fuskarsa a murtuke. Babban yatsan Auta na kan maɓalli. Ba wanda yake kallon agogon sai ita. Da ta danna tun yana ɗan nesa, ba mai sani.

Ta jira har tayar gaba ta taka layin.

Da daƙiƙa uku Guguwa ya fi shi.

Dogo ya zube a gefen hanya yana neman numfashi. Guguwa kuwa yana bayan rumfa da abokansa, farin ciki ya kwance masa baki, bai lura labule kawai ya raba shi da kujerar Mama ba.

"Kun gani ko? Da ban yi dabarar raba shi da shuɗin keken nan ba, yau da na sha kunya. Magana biyu kawai na jefa, uwa ta ɗauki ɗaya, 'ya ta ɗauki ɗaya."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mama ta miƙe. Ta ɗauki gorar ruwan da ke kan tebur, ta taka har inda Dogo yake. Ya yi ƙoƙarin tashi, ta ce ya zauna.

"Ungo, sha. Kana jan ƙafar hagu a hawa. Ɗana ma haka yake yi in ya gaji."

Ta gyara mayafi.

"Na zaci na tsani abin nan. Ashe kewarsa nake yi." Ta share ido. "Babban titi, ban yarda ba. Hular kwano, ko nan da ƙofar gida ne. Kuma duk inda ka je, ka dawo kafin in gama shan shayi. Ka ji?"

"Na ji, Mama."

"To ka ce wa manyanka ina gida."

Da Guguwa ya zo da kofinsa yana washe baki, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya sanya alheri. Motar haya za mu hau."

Auta ta tsuguna kusa da Dogo, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini... na yarda da maganar banza."

"Ya wuce, mai agogona." Ya leƙa takardar hannunta. "Daƙiƙa uku? Ko ɗaya ba ki rage mini ba?"

"Ko rabi."

"Kai, wannan mata za ta wahalar da ni," ya ce, suka yi dariya tare, ita tana kuka tana dariya.

Bayan damina aka ɗaura aure. Dogo bai taɓa ɗaukar kofin ba, ko a shekarar da ta biyo ko bayanta, ya dai yi na biyu har ya gaji. Yanzu an rushe tankin, shaguna sun cinye gefen hanyar, ƙungiyar ma ta watse.

Da tsufa ya kama Mama, gidansu ta dawo. Kullum da safe Auta za ta kai mata shayi, ta same ta a bakin taga, ta ajiye kofin ya yi ta tururi ba ta taɓa ba. Sai an ji ƙarar ƙofar gida, da ƙarar taya a kan siminti.

"Ya dawo?"

"Ya dawo, Mama."

Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki shayinta.