Saƙonnin Gefen Fayil

Ranar da Malamar kwamfuta ta raba ajin kasuwanci rukuni-rukuni, 'Yar Tela ba ta so rabonta ba. An haɗa ta da Shugaban Aji, mai kwamfuta sabuwa fil da turaren da ke riga shi shiga ɗaki, sai kuma wani dogo da ke zama can baya, wanda kowa ke kira Tsohon Aji don karo na uku ke nan yana maimaita kwas ɗin. Idan ya sake faɗuwa, kora ce.

Ya jawo kujera kusa da ita, ya ce, "Ranki ya daɗe, an ce ke ce shugabarmu. Ni dai ba ni da kwamfuta, amma ina da kai."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata. Daga nan fa aka samu matsala.

Tsarin Malama mai sauƙi ne a baki. Kowane rukuni zai nemi sana'a ta gaske ya gina mata jadawali a fayil guda da ke kan intanet, duk su riƙa aiki a ciki. Fayil ɗin yana rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, da wannan za ta ba da maki. Ta kuma ja kunne cewa kowa ya shiga da sunansa, wanda ya ara wa wani lambar sirrinsa ba shi da maki ko ɗaya.

Shagon Babanta suka zaɓa, inda awon mutane ke rubuce a jikin kwali da bayan kalanda, ranar karɓar ɗinki kuwa sai Allah. Shugaban Aji ya zo sau biyu, ya gaida Baba har ƙasa, ya zaɓa wa jadawalin launi. Tsohon Aji shi ne kullum da yamma, bayan ya tashi daga wurin gyaran janareton da yake ciyar da mahaifiyarsa da shi. Ita za ta buɗe kwamfutarta ta miƙa masa, ta zauna tana karanto masa awon kafaɗa da tsayin hannu, shi yana ginawa. A tsakanin ƙarar keken ɗinki da ƙurar yadi soyayya ta kama su, har ta koma kiransa Injiniyana.

Sai da safe, idan ta buɗe fayil ɗin, take tarar da 'yan saƙonni maƙale a gefen layi. "Ranki ya daɗe, wannan layin na gyara shi. Saura zuciyata." Takan rufe fuska ita kaɗai.

Baba fa bai yi dariya ba da maganar ta kai kunnensa. Ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda aji guda ya gagara shekara uku ba, ga yaro mai natsuwa kamar Shugaban Aji yana ta kewaye. Da ta dame shi da kuka, ya ce to, ya kawo takardar gama makaranta tukuna.

Ranar da Malama ta haska sakamako a bango, 'Yar Tela ta bi sunaye da ido. Sunanta ya cika fayil ɗin daga sama har ƙasa. Shugaban Aji yana da ɗan rabonsa. Gaban sunan Tsohon Aji babu komai, ko ɗigo. Wata uku yana aiki, duk a ƙarƙashin sunanta, don ba wanda ya taɓa tunawa ya fitar da ita ya shiga da nasa. Ta waiga baya, kujerarsa wayam.

Shugaban Aji ya tare ta a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ai shi tuntuni ya lura, amma bai ga hurumin sa baki ba. Ya ce ta yi shiru kawai, idan ta yi magana ita ma ta faɗi. Ta dube shi, ta ji ko turarensa ba ta son shaƙa.

Ta kira Injiniyanta sau goma sha, bai ɗauka ba. Sai da yamma saƙo ya shigo:

"Ranki ya daɗe, kada ki ce wa Malama komai, don Allah. Ni na saba faɗuwa, ke ba ki saba ba. Ki yi wa Baba biyayya. Na haƙura."

Na haƙura! Ta karanta kalmar har ta daina ganinta saboda hawaye. Wato da ita ma ya haƙura ke nan? Kwana biyu suka wuce, ga shi jibi za a miƙa sakamako ofis, daga nan shi ke nan. Ta rubuta masa:

"Kai ka haƙura, ni ban haƙura ba. Gobe ƙarfe tara ina ofishin Malama. Ka zo ko kar ka zo."

Ya zo, ido jawur, yana roƙonta tun daga matakala. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta faɗa wa Malama komai. Malama ta saurara, ta ce duk shekara sai an kawo mata irin wannan labarin, ina shaida?

Babu yadda 'Yar Tela za ta yi. Ta buɗe fayil ɗin, ta nuna gefen layi. Malama ta gyara tabarau ta fara karantawa a bayyane, saƙo bayan saƙo, duk ɗauke da sunan 'Yar Tela. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da sun shige su biyun.

"To," in ji Malama, "ban taɓa ganin yarinyar da ke kiran kanta ranki ya daɗe tana tambayar kanta ko ta ci abinci ba."

Amma doka doka ce. Ta ce shi zai zauna gaban aji, da sunansa, ya sake gina jadawalin cikin awa ɗaya. Ita kuwa da ta ba da aron sunanta, ba ta da maki, sai ta maimaita. Ya buɗe baki zai ce bai yarda ba, 'Yar Tela ta taka masa ƙafa.

Minti arba'in ya yi ya gama, aji ya ɗauki tafi. Ita dai ta san saura Baba.

A shago ta same shi, ta durƙusa gefen keke ta faɗa masa ta faɗi, da dalilin faɗuwar. Ya saurare ta har ta gama. Can ya ciro wayarsa, ya buɗe jadawalin. Sai a lokacin ta tuna su da kansu suka saka masa fayil ɗin a waya.

"Kin zata ban iya karatu ba? Wata uku ina neman awon mutane ina cin karo da ranki ya daɗe."

Ta sunkuyar da kai. Ya laluba ya nuna mata wani saƙo da ita ba ta ma taɓa gani ba, can ƙasa: "Idon Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma ba zai faɗa ba. Na ƙara girman ranakun karɓa, kada ki gaya masa."

Baba ya ce tun ranar da ya karanta wannan ya rasa abin da zai ƙi yaron da shi, sharaɗin takarda kawai ya riƙe don kada a ce ya yi magana biyu. Ya share ido da gefen tef ɗin awo, ya ce ta gaya wa Tsohon Aji ya turo manyansa.

An ɗaura aure bayan ya karɓi takardarsa, Baba da hannunsa ya ɗinka masa kayan ango, awon ma a jadawalin ya duba. Malama ta zo ta sa albarka, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, kowa ya riƙe lambar sirrinsa.

Da aka koma makaranta, amarya ta shiga ajin ita kaɗai, ta wuce can baya ta zauna a kujerarsa. Wayarta ta yi ƙara.

"Tsohuwar Aji, Allah ya ba da sa'a. Wannan karon ko kin yi kuka ba na taɓa miki kwamfuta. Amma ina bakin ƙofa, ranki ya daɗe."