Wa Ya Ɗora Hannun Lawwali?

Ranar Talata da hantsi, shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, wata tsohuwa ta kutso ofishin 'yan sanda ko sallama babu, tana jan wani ƙaton magidanci kamar mai kai akuya kasuwa. Inna Tambaya ce daga Bungudu, magidancin kuwa ɗanta ne, Lawwali.

"Ina babbanku? Ƙara na kawo."

Sufeto Rabi'u mutum ne mai son raha, amma da ya ga hannun daman Lawwali sai fara'arsa ta ɗauke. Hannun ya kumbura suntum, yatsun sun fara baƙi, an ɗaure shi tamau da karare da igiyar fata.

"Raƙumi ya kayar da shi a kasuwar Tsafe," in ji Inna. "Ya suma, aka kwashe shi zuwa zauren Ɗantsoho maɗori. Kwana huɗu ke nan. Ga damina ta taho, kuma wanga hannu shi ke ciyar da mu. A ɗaure min tsohon nan."

Sufeto ya zaro wuƙa ya datse igiyar. Lawwali ya yi ajiyar zuciya har hawaye. Igiyar ta fatar akuya ce, gashinta ja da ɗigon fari. Sufeto ya jefa ta aljihu.

"Ka ga fuskar wanda ya ɗora ka?"

"Ranka ya daɗe, sai a kan jaki na farfaɗo."

To, ga inda matsalar take. Ƙashin ya zauna a karkace, in ba a gyara shi cikin kwanakin nan ba, Lawwali da fartanya sun rabu har abada. Likita yana rangadi, sai bayan wata guda. A duk ƙasar kuma babu maɗorin da ya kama ƙafar Ɗantsoho.

"Ya sake taɓa min ɗa? Sai dai bayan raina," in ji Inna.

Washegari da la'asar suka isa Tsafe. Sufeto ya bar uwa da ɗa a gindin tsamiya, ya shiga zauren shi kaɗai. Ɗantsoho ɗan siririn tsoho ne, yana zaune kan buzu.

"Baba, kai ka ɗora baƙon Bungudu?"

"Ni ne. Kuskure aka samu, a yi min hukunci."

Sufeto ya dube shi. Shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa ganin mai laifi yana ɗokin gidan yari haka ba.

"Wane hannu ne?"

Tsoho ya ce, "Hagu."

"Madalla. Ga sandata, ɗora min ita in gani."

Hannun gwani ba ya iya ƙarya. Nan da nan Ɗantsoho ya jera karare, ya naɗe da ƙyallen saƙi, sannan ya zura yatsa ƙarƙashin ɗaurin.

"Wannan fa na mene ne?"

"Nama yana kumbura, dole a bar masa wurin shan iska."

"Kana ɗori da fata?"

"Fata? Allah ya sawwaƙe." Sai kuma ya kama bakinsa.

Daga bayan katanga aka ji ana gwada ganga. Sufeto ya tambaya, tsoho ya ce surukinsa ne, Mas'udu, mijin 'yarsa, mai haɗa ganguna. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Sufeto ya zagaya. Mas'udu ya miƙe yana sunkuye-sunkuye, tun ba a tambaye shi ba ya rantse ranar kasuwa yana 'Yandoto.

"Ni ganga na zo gani," in ji Sufeto. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa. "Kai, aiki ya yi. Yaya kake sa ta ɗame haka?"

Yabo ya shiga kan Mas'udu, baki ya buɗe. "Ranka ya daɗe, sirrin a jiƙa fatar ne. In ka ɗaura ta da danshi, tana bushewa tana matsewa da kanta. Ko dutse ne sai ya ji."

"Ko hannun mutum?"

Sufeto ya ciro igiyar, ya nufi wata fatar akuya da aka kafe a bango, ja mai ɗigon fari, gefenta ɗaya a yanke. Ya kara. Ta zauna cif.

Mas'udu ya zube ƙasa. "Baba ya tafi suna 'Yankuzo, ni aka tarar a zaure. Mutane suna ta cewa ga maɗori, ga maɗori, kunya ta hana in ce ban iya ba. Shekara goma ina kallonsa, na ɗauka ɗauri ne kawai. Wallahi alheri na nufa."

Aka kira Inna Tambaya, Sufeto ya zayyana mata kome. Ta dubi Ɗantsoho sama da ƙasa.

"Malam, kai kuwa me ya kai ka ɗaukar kayan wani?"

"A zaurena aka yi, Inna. Kuma 'yata tana da goyo."

Tsohuwa ta tura ɗanta gabansa. "Bismilla. Amma ina tsaye."

Mutum huɗu suka danne Lawwali. Ɗantsoho ya yi addu'a, ya tofa, ya shafa, ya ja hannun sau ɗaya. Ƙarar da Lawwali ya yi sai da ta tashi kajin unguwar. Da aka gama naɗi, tsoho ya ɗauki ƙaya ya tsikari babban yatsan.

"Wash!" in ji Lawwali.

"Ya ji, hannu na nan," in ji Ɗantsoho. "Kwana arba'in, da yardar Allah."

Inna ta rangaɗa guɗa, ta manta da shekarunta ta taka rawa a tsakar zauren mutane. Sufeto ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

Dogarai biyu suka zo tafiya da Mas'udu gaban alƙali. Sufeto ya ce wa Inna ƙararta tana nan, tana da haƙƙin neman diyya.

"Diyyata ɗaya," in ji ta. "A gaya wa alƙali, kwana arba'in ɗin nan shi zai riƙe gonar ɗana. Huɗa da shuka da noman fari."

Mas'udu ya waiwayo daga tsakanin dogarai. "Inna, wallahi ban iya noma ba."

"Alhamdu lillahi, yau ka iya faɗin haka," in ji ta. "Ku tafi da shi. Noman ni zan koya masa."