Mai Gadin Ƙofar Kaka

Kakan Auta makaniki ne. Wata rana ƙarfe ya yanke shi a ƙauri. Aka yi wata biyu ana magani, ciwo ya ƙi rufewa.

Nas ɗin da ke zuwa wanke ciwon ta ce, "A bar shi ya huta."

Auta ta riƙe maganar nan gam. Ta ɗauko kujera ta dasa a bakin ƙofa, ita ala dole mai gadi.

Abokan Kaka suka zo daga gareji.

"Yana barci," in ji Auta.

Washegari ma haka. Har bayin Allah suka gaji, suka ɗauke ƙafa.

Ɗaki ya yi tsit. Kaka mai zolayar kowa ya daina magana. Abinci ma sai ya taɓa ya ture. Ya zuba wa bango ido, ya yi ta ajiyar zuciya.

Ran nan nas ta kwance bandeji, ta girgiza kai.

"Baba, ciwon nan ƙaruwa yake. In bai sauya ba, sai an kwantar da kai a asibiti. Me ke damunka?"

Kaka ya sunkuyar da kai.

"Abokaina sun guje ni," in ji shi a hankali. "Na san warin ƙafar nan ne ya kore su."

Auta ta fashe da kuka.

"Kaka, ni na kore su! Na ɗauka hutun ke nan."

Nas ta jawo ta jikinta.

"Ƙafar na ce ta huta, 'yata, ban ce a raba shi da mutane ba. Mai damuwa ba ya ci, ba ya barci. Da wane ƙarfi jikinsa zai haɗa sabuwar fata?"

Auta ta ruga gareji, kunya kamar ta nutse. Ta faɗi gaskiya.

"Ashe ke ce!" in ji babban abokin Kaka. "Mu muna ta mamaki, wannan barci ko jariri albarka!"

Da yamma ɗaki ya cika da hira. Kaka ya yi dariya har da hawaye, ya nemi ƙarin abinci. Aka ci gaba da magani, ciwo yana tsukewa kaɗan-kaɗan. Bayan wata guda ya taka zuwa gareji da ƙafarsa, Auta na riƙe da hannunsa.

Daga nan Auta ta gane: mai ciwo yana bukatar magani, yana kuma bukatar masu faranta masa rai.