Ba Nan Ba Ne, Baba

"Ka tabbata za ka gane wurin?"

"Haba Salwa, habibti, masoyiyata... da hannuna fa na haƙa."

"Ba hannunka nake tambaya ba, idonka nake tambaya."

Bilyaminu ya yi murmushin da ya san yana kashe min baki, ya ɗaga jarkar ruwa ya ɗora a bayan boksi, motar nan a-kori-kura.

Lokacin da yaƙi ya iso Dindir, Baba yana maƙale a Sinnar. Mu muka gudu da ƙafa ta cikin jeji, muka nufi Gadarif. Innata Fadimatu tana da ciwon sukari, ga ba magani, ga rana. Bilyaminu, ɗan maƙwabtanmu, shi ya goya ta har inda ƙarfinta ya ƙare. Shi ya haƙa mata kabari a gindin wata aduwa. Ni ina zaune na jingina da wani dutse mai tsaga a ka, ina jin kowane saran fartanya a ƙirjina.

A wannan tafiyar na fara son shi. Wace ce ba za ta so shi ba?

Da muka dawo gida, iyayensa suka zo neman aurena. Baba bai ce a'a ba.

"Yaron kirki ne," in ji shi. "Amma ba ni aurar da ɗiyar Fadimatu sai na tsaya a kan kabarinta na yi mata addu'a."

Shi ya sa muka fito ranar. Baba a gaba tare da Muntari direba, abokin Bilyaminu. Mu a baya, ni da Gwaggo Sara ƙanwar Baba, da ƙawata Sabah wadda ta ƙunso kisra, wainar nan ta dawa, da kayan jabana na dafa gahawa, sai ka ce masu zuwa rihla yawon shan iska.

"Amarya, yau dai a saki fuska," ta ce tana zungurina.

"Sabah, ki bar ni don Allah."

Jejin ya bushe ƙarau. Baƙar ƙasa ta tsattsage, ƙafar mutum sai ta shige. Muka wuce wasu makiyaya da raƙumansu, muka wuce ramukan masu gawayi, baƙi ƙirin, ba adadi. Itatuwan da muka sha inuwarsu a gudunmu duk an sare.

Da hantsi na hango dutsen. Na miƙe tsaye a cikin motar, har Gwaggo ta riƙe min tobi, mayafin da na lulluɓa.

Daga gindin dutsen har iya ganin ido, tarakta ta bi ta kai. Gona ce. An girbe dawa, sauran kara a tsaye. Babu aduwa, babu ko kututturenta.

Na juya na kalli Bilyaminu. Ya gani. Wallahi ya gani, don na ga idonsa ya tsaya a kan dutsen. Amma sai ya bugi rufin motar.

"Muntari, ci gaba. Da saura."

Muka yi ta tafiya har dutsen ya koma kamar kifaffiyar ƙwarya a bayanmu. Can ya ce a tsaya. Wani kututturen aduwa ne shi kaɗai a fili, da ɗan tudun ƙasa a gefensa.

"Nan ne, Baba."

Baba ya sauko a hankali. Tsohon da ban taɓa ganin hawayensa ba ya durƙusa, ya dafa ƙasar nan da tafin hannu.

"Fadimatu... ga ni, na zo. Ki yafe min, na makara."

Gwaggo ta fashe da kuka, Sabah ma haka. Ni kuwa na ja hannun rigar Bilyaminu zuwa bayan mota.

"Me kake yi haka?"

"Sassauta murya, Salwa."

"Ka san ba nan ba ne."

"Na sani."

"Ka sani? Kake kallon tsoho yana kuka a kan gidan tururuwa?"

"To me zan nuna masa? Kara? In ce masa ga matarka, an noma dawa a kanta, an kai kasuwa?" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Addu'a ba ta ɓata hanya, rabin raina. Duk inda aka yi ta, tana isa. Ki bar shi ya huta. Ki bar mu mu ma mu huta..."

Allah ya sani na so in yi shiru. Na gaji da jira, na gaji da ɗakin Inna da babu kowa, kuma ina son mutumin nan kamar in mutu. Na ce a raina, kalas, shi ke nan, Inna ba za ta yi fushi ba. Na share fuska muka koma.

Baba ya shafa addu'a. Ya kamo hannun Bilyaminu ya riƙe gam.

"Na ba ka Salwa. A gaban uwarta na ba ka."

Sabah ta toshe baki don kada guɗa ta kuɓuce mata a kan kabari. Baba ya dubi ƙanwarsa.

"Sara, ki zama shaida. Zan sa a kawo duwatsu a kewaye wurin nan. Kuma ran da tawa ta zo, komai nisa, nan za ku kawo ni. Ga gurbina, dab da ita. Ta kwana ita kaɗai a jeji ya isa."

Nan ne abin ya fi ƙarfina. A binne uwata a can, a binne ubana a nan, kowa shi kaɗai, don ni in shiga ɗaki?

"Baba."

Bilyaminu ya girgiza min kai. Idonsa roƙona yake.

"Baba, ba nan ba ne."

Baba bai kalle ni ba, Bilyaminu ya kalla.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Baba, na ji tausayinka ne..."

"Tambayarka na yi."

"Gaskiya ta faɗa."

Baba ya saki hannunsa. Ya kaɗe ƙasar da ke gwiwarsa, a hankali, kamar mai tsoron ta ji zafi.

"Ku kai ni."

Muka koma gindin dutsen. Na nuna masa inda na jingina, na nuna masa gonar. Ya cire takalmansa, ya taka har bakin kunyar farko, ya ɗaga ƙafa... sai ya mayar. Bai san inda zai sa ta ba. A nan bakin gonar ya tsaya ya yi wa karan dawa sallama. Ya daɗe.

Da ya juyo, muryarsa ba faɗa a ciki. Da ma faɗan ya yi.

"Bilyaminu, ka goyi matata, ka rufa mata asiri. Wannan Allah ne kaɗai zai biya ka. Da ka ce min ƙasa ta cinye wurin, wallahi a nan zan ba ka Salwa, don ƙasa ta Allah ce. Amma ka bar ni na kira sunan Fadimatu a inda ba ta nan. Na janye maganata."

"Yaya, ka yi haƙuri, yaro ne," in ji Gwaggo.

"Na yi haƙuri, Sara. Shi ya sa ban ce komai ba bayan wannan."

Ba wanda ya taɓa kisrar Sabah. Da za mu hau mota, Bilyaminu ya tsaya kusa da ni, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Kin karya masa zuciya, kin karya tawa. Me kika samu?"

"Ban samu komai ba."

"Da kin yi shiru, Salwa..."

"Na yi shirun. Kai ma ka ga na yi."

Ya hau can ƙarshen boksin ya juya min baya. Ban yi nadamar abin da na faɗa ba, amma ban daina son shi ba, kuma cikin biyun babu wanda ya fi wani ciwo.

Har muka iso Dindir Baba bai mayar da takalmansa ba. Da na miƙa masa su a ƙofar gida, sai ya dube ni da jajayen idanu.

"Ɗiyata, kin tabbata gonar ce?"

"Na tabbata, Baba."

"To, ko a bakin kunya ne, ku sa ni can."