Ruwan Lagireto a Mashigin Marke

Ku matso kusa, a rage fitilar nan. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, kuma ba na so a katse ni.

A zamanin da nake babban jami'in safiyo na yankinmu, an tura ni awon wata hanya a bayan dajin Marke. Direbana Jatau ne, mutum mai ladabi, mai 'ya'ya bakwai, wanda ba shi da gona, ba shi da wata sana'a sai tuƙi. Motarmu a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu. Ni da kaina na tsara kayan bayanta, kamar yadda aka horar da mu: shebur biyu, da jak tare da faifan katakon da ake ɗora shi a kai don kada ya nutse, da dogayen katakai huɗu, da sarƙa, da famfon iska, da jarkar ruwa guda. A ganina a lokacin, wanda ya riƙe waɗannan babu abin da zai tsayar da shi.

Rana tana tsaka muka iso mashigin. Kogi ne busasshe, farin yashi daga gaɓa zuwa gaɓa. Muna kaiwa tsakiya motar ta zauna. Ta nutse har cikinta ya kwanta a kan yashi.

Muka bi ƙa'ida. Muka rage iskar tayoyi. Muka haƙe gabansu, muka ɗaga da jak, muka cusa katakai. Jatau ya ba ta wuta. Ta yi gurnani, ta tofar da katakan, ta ƙara zama. Sau uku muna haka. A na huɗu injin ya tafasa, tururi ya turnuƙe.

Na ce, "Kwance ƙasan lagireto, ka zubar da ruwan, mu sa sabo."

Jatau ya dubi yashin, ya dubi rana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsakar rana ce. Bari ya huce."

Kun san abin da yake nufi. Iyayenmu ba sa zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, domin ba mu kaɗai ke zaune a kanta ba, kuma waɗancan ma suna da ƙananan 'ya'ya. Na sani sarai. Amma agogo nake kallo.

Na ce, "Jatau, ni ne shugabanka ko kai ne nawa?"

Ya shiga ƙarƙashin motar. Tsawar da na yi masa ta ɗauke bisimillar daga bakinsa. Ruwan ya zubo, yashi ya shanye shi da wata ƙara kamar ana suya.

Sai muka ji kuka. Siriri. Na jariri. Daga ƙarƙashin ƙafafunmu yake fitowa.

Sannan ya yanke. Kurciyoyin da ke kuka a gaɓa su ma suka yi tsit.

Na ɗauki shebur, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Duk cikin shebur ɗin da na kwashe, wani yashin ya gangaro ya cike gurbinsa. Na taɓa jak, ya nutse tare da faifansa, ina kallo. Sarƙa tana hannuna, babu abin da zan ɗaura ta a jiki. Na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba.

Jatau ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ga wata nan."

Mace ce, doguwa, da goyo a bayanta an lulluɓe shi da baƙin zane. Daga ƙasan kogi take tahowa. Mu yashin yana cin ƙafarmu har idon sawu. Ita kuwa ba ta bar sawu ko ɗaya ba. Ta tsaya a gabanmu, taku uku. Da ta yi magana, daga bayan wuyanmu muryar ta fito.

"Wa ya zuba?"

Ta sake tambaya.

"Barci yake yi. Wa ya zuba?"

Ina so ku saurara da kyau a nan. Amsar tana bakina. Kalma huɗu ce: ni na sa shi. Ni da na tsaya gaban manyan ƙasa na yi jawabi babu takarda, na buɗe baki, na rufe.

Jatau ya durƙusa. Ya ce, "Ni ne, Inna. Ban sani ba. Ki yi haƙuri."

"Ka sani."

"Na sani, Inna."

"Kawo ruwan sanyi."

Ya ɗauko jarkar, ruwan shanmu ke nan duka. Ta juya masa baya, ta ɗan sassauta zanen. Ban ga abin da ke ciki ba. Shi ya gani, kuma har ya bar duniya bai faɗa ba. Ya yi bisimilla ya tsiyaye ruwan har ɗigon ƙarshe. Ko ɗigo bai sauko ƙasa ba.

Ta ce, "Zai rayu. Da wane hannu?"

Ya miƙa na dama. Ta ɗora yatsa ɗaya a tafinsa. Sai ta waiwayo ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Jira take yi, na san jira take yi. Na sunkuyar da kai.

Da na ɗago babu ita. Motar kuwa, injinta a mace, babu kowa a ciki, ta taso daga ramin ta gangara a hankali har ta haye gaɓa ta tsaya. Da ƙafa muka ƙarasa ƙauye, leɓunanmu a tsage don ƙishirwa.

Kafin la'asar hannun Jatau ya yi sanyi kamar randa. Yatsun ba su ƙara naɗewa ba. Na kai shi asibiti, na kai shi wurin malamai, kowa ya duba ya girgiza kai. Bai sake riƙe sitiyari ba. Gadin wata makaranta na samo masa, a kan wannan ya ƙare.

Shekara talatin da ɗaya ina zuwa gaishe shi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk zuwan da na yi, yakan tallafo hannun nan da na hagu, ya miƙo mini, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Dole in karɓa.

Saboda haka wanda aiki ya kai shi mashigin Marke a cikinku, kada ya bi shi kaɗai, kada kuma ya bi da rana tsaka. Ya riƙe jarka biyu. In injinsa ya tafasa, ya koma gefe ya zauna har ya huce.