Allura Uku a Jakar Goggo

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata tsohuwa mai ɗinka 'yan jakunkuna da guntayen atamfa. In za ta yi wa mutum kyauta, a ciki take zubawa. Shi kuma ba ya mayar da jakar wayam, wani ya sa gyaɗa, wani ya sa daddawa.

Ran nan ta aika wa maƙwabciyarta dabino a jaka. Matar nan ba ta da ƙarfi. Ta yi godiya, ta yi godiya, sannan ta tashi neman abin da za ta sa. Ta duba tukunya, babu. Ta duba kwando, babu. Kwana uku kunya ta hana ta mayar da jakar.

Tana jujjuya ta, sai ta lura ɗinkin duk ya karkace. Ta ce, "Allah sarki, idon Goggo ya fara gajiya."

Ta ɗauko allurarta guda uku, ta tsinko zare daga bakin tsohon zanenta, ta zura wa kowace, ta soke su a ƙyalle, ta jefa a jakar, ta kai.

"Goggo, a yi haƙuri, abin da ya sawwaƙa ke nan."

Tsohuwa ta shafa, ta ji zare a kowace allura. Ta ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki? Kwana goma ina neman kafar allura, ban gan ta ba. Allah Ya yi miki albarka."

"Amin, Goggo. In zaren ya ƙare, ki aiko jakar."

Tun daga ranar, jakar nan ba ta sake kwana uku a gida ɗaya ba.